Ma'aunin Zafi a Jikin Randa

Ɗana Luƙman,

Assalamu alaikum daga Jidda. Yaya jikin matarka Rahmat? Yaya mahaifiyarka? Tun da na ga hoton jikata, sabuwar amaryata, nake dariya ni kaɗai. Allah Ya raya ta.

Amma hankalina a tashe yake. Ka ce ma'aunin zafin da na aiko ya nuna digiri talatin, don haka jibi da azahar za ku tafi da jaririyar zuwa garin Kwandere a babur. A hoton na hango shi rataye jikin randa. Luƙman, sanyin randa ka auna, ba iskar garin Lafia ba!

Ka rataye shi a inuwar mangwaro, daidai ƙirjinka, nesa da bango da rufin kwano. Bayan minti goma ka duba. In ya haura talatin da biyar, kada ku fita.

Ni lafiya lau. Kwana biyu kawai na yi a asibiti. Ma'aunin gonar da nake aiki yana jikin famfo, na yarda da shi, zafin rana ya buge ni na faɗi. Kada mahaifiyarka ta ji.

Da hannuna na rubuta, ajin yamma na yaƙi da jahilci bai tafi a banza ba. Ka ajiye mini amaryata a inuwa har in dawo.

Babanka,
Kalilu