Sunaye Ɗari da Ashirin

Asabar, 7 ga Satumba, 2019

Lovelyn ta gama karanta fom ɗin gwamnati, shafi tamanin da wani abu. 'Yar Jos ce, tsohuwar shugabar firamare, kuma ita kaɗai ce a kwamitinmu take karanta abu har ƙarshe. Ta ce duk surutun da nake yi a kan makarantar kyauta a unguwar Abbey Wood ta London, wadda za ta koyar da nahawu da mantiƙi da balaga da Latin, ba inda zai kai mu sai da sunayen iyaye ɗari da ashirin masu yara 'yan shekara uku zuwa huɗu. Kowa da postcode na unguwa da sa hannu. Ranar 8 ga Nuwamba za a rufe karɓa.

Na ce ɗari da ashirin ai aikin Juma'a ɗaya ne. Ta kalle ni ta saman tabarau.

Shekara goma sha tara ina koyar da tarihi a Lewisham. Yara masu kaifin kai, amma ka ce su kare magana guda da hujja, sai su kalli silin. Idan ban yi yanzu ba, yaushe?

Juma'a, 13 ga Satumba

Na miƙe bayan sallah a masallacinmu na saman shagon taya. Minti goma sha biyu. Ni dai na ji daɗin jawabin. Na ce dukanmu an rene mu a karatun da ba a tambayar dalili, lokaci ya yi da za a kawo wa 'ya'yanmu ilimi na gaske. Masha Allah ta ko'ina. Fom ɗari biyu suka ƙare a hannu.

A gida matata Rumaisa ta ce, "Ka je ka gaida Alhaji Masawudu kafin ka miƙe?" Na ce ai yana sahun gaba, har na ɗaga masa hannu. Ta ci gaba da yankan albasa.

Juma'a, 20 ga Satumba

Fom bakwai suka dawo. Ɗaya da maiƙon ƙosai.

Asabar, 28 ga Satumba

Alhaji Maje, wani attajiri, ya kira ni gidansa na nan London, ya ba ni shayi a kofin da nake tsoron riƙewa, ya cike fom goma sha ɗaya da hannunsa. Na dawo ina taka ƙasa da ƙarfi. Lovelyn ta duba: jikokinsa ne, duka suna Abuja, biyu ma sun shiga jami'a. Ta soke su ɗaya bayan ɗaya da jan biro.

"Malam Saani, yara masu numfashi a Abbey Wood nake so."

Muna da goma sha biyu.

Alhamis, 3 ga Oktoba

Na je sayen daddawa a shagon Hajiya Abibatu a Old Kent Road. 'Yar zangon Kumasi ce, ba ta san kwana-kwana ba. Na yi mata ƙorafin mutanenmu da alƙawarin baka. Ta bar ni na gama.

"Makaranta naka yana da kyau," ta ce. "Amma Baba Masawudu bai ce komai ba."

Na ce ni iyaye nake nema, shi kuwa autansa ya haura arba'in. Sai ta ajiye buhun da ke hannunta. Wai rabin masallacin 'yan zango ne, Kumasi da Accra. Shekara talatin shi ke raɗa wa yaransu suna, shi ke wanke mamatansu, shi ke karantar da yara kowace Asabar ba ya karɓar ko kwabo. Ba mai sa hannu a takardar da ba ta bi ta ɗakinsa ba. "Kai kuma ka tsaya a gabansa ka ce ba mu da ilimi na gaske. Duka mun ji."

Ba haka na ce ba. To, kusan haka na ce.

Juma'a, 4 ga Oktoba

Na tura masa saƙon ban haƙuri ta waya, sakin layi uku, na haɗa da tsarin karatun mai shafi arba'in. Da na gaya wa Rumaisa, dariya ta yi har sai da ta zauna.

Laraba, 9 ga Oktoba

Shiru. Mutumin da ya karanta tarihin dauloli huɗu, tsoho ɗaya a flat ɗin council, gidan hayar gwamnati, ya tsayar da shi.

Lahadi, 13 ga Oktoba

Na je. Hajiya Abibatu ta zaɓar mini goro fari, ta ce ba a zuwa kai kaɗai, sai da mai gabatarwa. Ta haɗa ni da Abdul-Basit, direban tasi, wanda ya ce kada na buɗe baki sai an tambaye ni. Hawa na shida, lif ya lalace.

Na durƙusa. Rabona da durƙusa wa wani tun ina Kano. Gaisuwa minti ashirin: gida, aiki, sanyi, mutanen gida, sanyi kuma. Abdul-Basit ya miƙa goron, ya faɗi abin da ya kawo ni a jimla biyu, abin da na rubuta a shafi arba'in. Tsohon ya ce, "Mun ji. Ya dawo Lahadi."

Shi ke nan. Kwana ashirin da shida suka rage, an ce na dawo Lahadi.

Lahadi, 20 ga Oktoba

Yau ya tambayi me za a koyar. Na fara yi masa bayanin mantiƙi a hankali, yadda nake yi wa 'yan aji ɗaya. Bai katse ni ba. Da na gama, ya miƙa hannu kan kanta ya sauko da wasu takardu cikin jakar fata, rubutun hannu, gefensu ya yi ja. Nahawu, mantiƙi, balaga. A Kumasi ya karance su, kafin a haife ni.

Ya ce, tunda zan koyar, in bambance masa bayyana abu da ainihinsa da bayyana shi da alamarsa. Na san sunan abin da Latin. Misali ne ya ƙi zuwa. Ya jira, ya jira, sannan ya ce, "Mutum mai tunani ne, wannan ainihi. Mutum mai dariya ne, wannan alama." Abdul-Basit na can yana tabbatar da alamar.

Ban ci abinci sosai ba yau.

Juma'a, 25 ga Oktoba

Cocin su Lovelyn ya kawo ashirin da huɗu. Fasto ya yi sanarwa sau ɗaya. Na tambaye ta yadda ta yi. "Na fara zuwa gidansa, mana." Ban sake tambaya ba.

Muna da talatin da shida.

Lahadi, 27 ga Oktoba

Na kasa haƙuri, na karya dokar Abdul-Basit. Na ce, "Baba, saura kwana goma sha biyu."

"Wa ya sa rana?"

"Gwamnati."

"To, gwamnati ya yi haƙuri."

Sannan tambayoyi. Wa zai koyar? Za a daki yara? Yaron da ba shi da kai fa, kora za a yi? Asabar za ta zauna tasu? Na amsa. Wasu tambayoyin babu su a shafi arba'in ɗina, kuma ya kamata a ce akwai. Wannan tsakanina da littafin nan.

Juma'a, 1 ga Nuwamba

Ya miƙe bayan sallah, da sanda. Ya ce Malam Saani ya zo, ya zauna, an ji abin da ke bakinsa, ba laifi, mai ƙaramin yaro ya sa hannu. Bai kai minti ɗaya ba. Kafin na sa takalmi an kewaye ni ana neman biro.

Na rasa ko godiya zan yi ko kuka. Da tun Satumba ne!

Juma'a, 8 ga Nuwamba

Casa'in da takwas. Mun bi flat-flat har unguwar Thamesmead, ni da Lovelyn da Hajiya Abibatu wadda ta rufe shago kwana biyu. Wasu sun yi tafiya, wasu yaransu sun wuce shekarun. Saura ashirin da biyu.

Lovelyn ta ce ba za mu miƙa abu gurgu ba, gara mu jira zagaye na gaba, in za a yi. An yi cancel ɗin ɗakin taron da na yi booking don walima. Na so na ɗora wa tsohon laifin makonni ukun da ya ja ni. Na ƙirga sai na ga nawa huɗu ne.

Lahadi, 10 ga Nuwamba

Ba wani dalilin zuwa yau. Na ce wa Rumaisa batun fom ne. Ta ce, "Fom ɗin da aka rufe?" Na ce akwai 'yan abubuwa. Ta miƙo mini littafin rubutu da na manta a kan tebur.

Mun yi shafi biyu na takardun nan nasa. A hankali yake tafiya, abin haushi, kuma ba ya tsallake komai. Bai yi mini jaje ba. Da zan tashi ya ce fom na gaba, a kawo masa kafin kowa ya gani, kuma shafin farko sai an sake shi.

Na ce, "To, Baba."

Sai a bas na lura ban tambaye shi dalili ba.