Garin Maganin da Na Ɓoye wa Akawal

Malam, ka taimake ni, kunya ta hana ni faɗa wa kowa. Shekara goma sha ɗaya ina kula da dokin wani alhaji a Unguwar Sarki, Akawal muke ce masa. Bara ya fara ɗingishi da ƙafar gaba, in ya tsaya sai ya miƙa ta yana dafa bakin kofato. Na gasa, na shafa man shanu, na ba shi jiƙo, a banza. Sai maigida ya kirawo wani malamin dabbobi, Malam Husaini, wanda ko ɗaura linzami bai iya ba. Ya ce ƙashin cikin kofaton ne ke lalacewa, ya bar wani farin gari a riƙa zubawa a dusa. Kwana huɗu doki ya taka sarai. Maigida kuwa ba shi da zance sai Husaini. Abin da ya fi ci mini rai, da Akawal ya ji ƙararrawar kekensa sai ya kama haniniya, ni da nake kwashe masa kashi ko kallo. Wallahi kishi nake yi. Na cusa garin a rufin barga, yau kwana tara. Ɗingishi ya dawo, har na ji daɗi. Jiya maigida ya ce tunda maganin Turawa ma ya kasa, Asabar za a harbe shi ya huta. Yaya zan yi?

Mai Barga, Kaduna

Mai Barga, zafin da ka ji ba abin mamaki ba ne, kuma alhajinka ya yi kuskure da ya manta wahalar shekara goma sha ɗaya. Amma kai da mutum kuke takara, dabba ka hora. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi: sauko da garin yau, ka faɗa wa maigida da bakinka, sannan ka tambayi Malam Husaini yadda za a ci gaba, kada ka ƙara awo don ka rama kwanakin. Irin wannan ciwo magani lafar da shi yake yi, ba ya warkarwa. Gyaran kofato, ƙasa mai laushi a turke da tafiya a hankali, duk aikin hannunka ne. Haniniya kuwa, leƙa aljihun malamin, ina zaton sukari za ka tarar. Faɗan da za a yi maka na yini ɗaya ne. In ka yi shiru, Lahadi kai za ka share bargar da ba kowa a ciki. Allah ya ba Akawal sauƙi, kai kuma ya sanyaya maka zuciya.