Inna, Wuyana Ya Fara Kumbura

Zuwa ga mahaifiyata, marigayiya Inna Hajo,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa irin ta 'ya ga uwarta, ina fatan kina cikin rahamar Ubangiji.

Inna, wuyana ya fara kumbura, daidai inda naki ya kumbura. Ina ci kamar gara, amma kullum sai na ƙara wa zanena ɗauri. Jiya wajen tatsa hannuna ya yi ta rawa har ƙwarya ta kife. Ga ni da cikin wata huɗu.

Ke ma haka kika fara. Baba ya dube ki da idon makiyayi, ya ce dabbar da ke ci tana ramewa tsutsa ce a cikinta. Ya sayo maganin tsutsar tumaki a kasuwar Dakoro, ya ɓantari rabi ya ba ki. Kika haɗiye kina yi masa tsiya, wai saura ya ja ki wajen dillalan bisashe.

Na je asibitin Maraɗi an yi mini analis, wato gwajin jini. Lokotoro ya ce ba tsutsa ba ce, ba iska ba ce. Wani ɗan nama ne a gaban maƙogwaro, cikinsa kamar ƙananan rumbuna, kowanne da ƙwayoyin halitta kewaye da shi suna tara sinadarin da ke tafiyar da jiki. Nawa sun rasa hutu: sun yi tsawo, sun hayayyafa, sun cunkushe, suna kwashe ajiyar suna zuba wa jini ba awo. Shi ya sa zuciyata ke gudu ko ina zaune. Ya ce in ban sha magani kullum ba, cikin zai iya zubewa.

Gwaggo Tani, yayar Baba, ba ta yarda ba. Ta kira wanzami ya zo jibi, ya tsaga mini wuya ya fitar da mataccen jini, wai haka aka yi miki. Na sani, Inna. Ni na riƙe miki kai. Kina zufa kina ce mini kada in ji tsoro, kuma ba ki kai lokacin kaka da rai ba.

Ban taɓa yi wa babba musu ba, haka kika hore ni. Jibi zan yi, ko da gida zai ce na yi rashin kunya, kuma wallahi tsoro nake ji. Ki yafe mini wannan, ki yafe mini wancan riƙon.

Allah Ya haskaka kabarinki, Ya bar mini abin da ke cikina.

Taki,
Ramatu