Layin da Injiniyanku Ya Ja Zai Raba Mana Gandu

Zuwa ga Shugaban kamfanin da ya gina manhajar rajistar manoma ta yankinmu,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, da fatan kana lafiya, kai da iyali da ma'aikatanka. Ranka ya daɗe, ni malamin makaranta ne a Birnin Kudu, amma gidanmu a Kwandiko yake, ta ƙasar Gwaram. Na rubuto a fili ne domin ma'aikatanku na Gwaram sun gaji da ganin fuskata, ni ma na gaji da bencin ƙofar ofishinsu.

Na ɗaya. Bara, kafin damina ta faɗi, an tara mu a Birnin Kudu don a nuna mana yadda za a riƙa yi wa manoma rajistar taki da iri. Injiniyanku, mutum mai ladabi, ya zana akwatuna biyu a allo. A ɗaya ya rubuta manomi, a ɗaya gona, ya ja layi tsakaninsu. Ya ce ma'anar layin ita ce manomi na iya mallakar gonaki da yawa, amma kowace gona mai ita ɗaya ne. Ya ƙara da cewa wannan zane za a ba wata manhaja, ita kuma ta fitar da jadawalan rumbun bayanai da duk umarnin da kwamfuta za ta bi, ba sai mutum ya zauna ya rubuta ba. Dabara ce mai kyau, ban musa ba. Aibinta ɗaya: abin da aka zana mata shi take haifa, ba ta tambayar ko haka duniya take. Mutane da dama a zauren sun yi maganar gandu, aka ce za a duba a zango na biyu, aka raba mana lemo.

Na biyu. Tun da babu akwatin gandu a zanen, bari in gabatar maka da shi. Mahaifinmu ya rasu ya bar mu maza huɗu da gona ɗaya, ba mu raba ba. Tare ake noma, rumbu ɗaya ake zubawa, daga ciki ake auna wa kowane ɗaki. Ni da nake gari nakan aika abin biyan ƙwadago a madadin fartanyata. Daga baya ƙaninmu Isa ya rasu, ya bar matarsa Hajara da 'ya'ya uku ƙanana. Ba wanda ya taɓa zama ya yanke shawarar a ciyar da su, domin gandu ba ya bukatar wannan zaman. Ana aunawa, ana kai musu.

Na uku. Da aka zo rajista, na'ura ta nemi suna ɗaya, aka ba ta na babbanmu, Yaya Sale. Bayan kwanaki ƙanena Habu ya je a saka shi, aka ce masa gonar tana da mai ita. Aka buga masa takarda ya gani da idonsa: mai gona, Sale. Habu bai yi boko mai nisa ba, amma ya san sunan yayansa, ya kuma san abin da takarda ke zama bayan shekaru idan masu shaida sun mutu. Yaya Sale ya rantse bai nemi haka ba, kuma gaskiya ya faɗa. Tun ranar Habu bai sake sa hannu a kwano ɗaya da shi ba. Yanzu ya kai magana gaban mai unguwa, ya ce a raba gado.

Na huɗu. Na je Gwaram na roƙi ma'aikacinku ya ƙara sunaye uku. Ya juyo mini da fuskar kwamfutar ya nuna gurbi ɗaya tak. Ya ce ko an samu wanda ya gyara da hannu, ranar da aka sake fitar da manhajar daga zane gyaran zai goge, don haka sai an gyara zanen kansa, zanen kuma yana wajenku. Ban ga laifinsa ba. Na dai yi mamakin yadda layin da aka ja kafin lemo ya huce ya fi shekarun zamanmu ƙarfi.

Idan aka raba, Yaya Sale da Habu za su noma nasu, ni kuma albashi zai rufa mini asiri. Kason marayun Isa ba shi da mai noma shi. Hajara ba za ta iya ba, yaran ba su isa ba. Na ga yadda irin wannan kaso ke ƙarewa: bana jingina, baɗi sayarwa.

Roƙona, ranka ya daɗe, kaɗan ne. Ku gyara layin nan ta yadda gona za ta iya ɗaukar mutane da yawa. Ku yi wa gandu akwatinsa, haka aro da jingina, don wanda ke noma gona ba kullum ne mai ita ba. Kafin nan, ku cire kalmar mai gona daga takardar da kuke bugawa, ku sa wakilin gida. Kuma in za a sake zane, a ɗauko allon a kawo Dingaya ko Kangire, inda akwai gidajen da har yanzu suke cin rumbu ɗaya.

Mu kam ina jin mun makara. An sa bayan girbi dattawa za su zo da igiya su auna. Daga ranar na'urarku ba za ta sake samun matsala da gidanmu ba: gonaki huɗu, kowace da mai ita ɗaya, daidai yadda injiniyanku ya zana. Abin da ban sani ba shi ne daga wane rumbu za a auna wa Hajara.

Allah ya ƙara maka basira, ya tsare zuri'arka daga rabuwar kai, ya sa 'ya'yanka su daɗe suna cin kwano ɗaya.

Wassalam.

Naka,
Wani ɗan gandu daga Kwandiko