Minti Ukun Baba Tela

Litinin, 9 ga Yuni

Saura kwana goma sha bakwai ranar duniya ta tallafa wa waɗanda aka azabtar. Shekara ta shida ke nan ina cikin masu shirya taronta a cibiyarmu ta jinyarsu. Da safe aka raba aiki. Rabona: kujeru ɗari da ashirin, jerin baƙi, da nemo wanda zai tsaya gaban jama'a ya ba da labarinsa.

Darakta ta ce matar da ta yi magana bara ba ta taɓa zuciyar kowa ba, don ba a ganin komai a jikinta. Bana a samo mai tabo a fili. Mai hoto ya ce gara na hannu ko na fuska, na baya sai an tuɓe riga. Yana faɗa yana tauna biskit.

Ni kuma na rubuta a bayanin taro, "A samo mai tabo a fili." Har da ja layi da rula. Sai a hanyar gida na gane abin da na rubuta.

Talata, 10 ga Yuni

Na bi fayil arba'in da uku. Arba'in da ɗaya sun sa hannu a fom ɗin amincewa a yi amfani da hotonsu da labarinsu. Na ware uku. Na farko Baba Tela: wata takwas a tsare, an rataye shi ta wuyan hannu. Yatsu uku na dama ba sa lanƙwasuwa. Duk Alhamis yana zuwa wajen likitar gashi, mai gasa masa hannu tana motsa yatsun.

Alhamis, 12 ga Yuni

Na faɗa masa. Ya kalli tebur ya ce, "To, Malam, in an ce a yi ai sai a yi." Da zai fita ya juyo ya tambaye ni ko Alhamis ɗinsa na nan. Na ce tana nan mana, me zai taɓa ta? Ban gane tambayar ba. Na rubuta "ya amince".

Litinin, 16 ga Yuni

Gwaji. Minti uku aka ba shi, ni ke riƙe da agogo.

Ya fara da zare. Wai da ko a duhu yana zura zare a allura, yanzu sai ya jira wani ya shigo shago ya zura masa, kuma yana jin nauyin roƙo, sai ya yi kamar aljihun keken ɗinki yake gyarawa har mutumin ya lura da kansa. Minti biyu suka tafi a nan. Darakta ta ɗaga hannu. "Baba, bar maganar zaren nan. Kai mu ɗakin da aka tsare ka." Ya kai mu ɗakin. Muryarsa ta zama kamar mai karanta takardar wani. Ta sa ya maimaita har sau uku don ya shiga lokaci. A na ukun na ce, "Minti biyu da daƙiƙa hamsin." Ni na faɗi haka, da bakina, har da ɗan jin daɗi.

Sai mai hoto. "Baba, naɗe hannun riga. Ƙara. Juyo shi wajen taga. Yauwa, haka ya fito." Kamar mai taya rago.

Bayan nan aka kawo shayi. Kowa ya sha. Baba Tela ya riƙe kofinsa da hannu biyu, ya yi godiya.

Talata, 17 ga Yuni

Samfurin fosta ya zo. Fuskarsa da hannayensa, manya. Na kife shi a aljihun tebur.

Laraba, 18 ga Yuni

Maman yara ta gaji da ganina ina juya cokali a kwano, ta tambaya. Na ba ta labari. Ta ce shi yana so? Na ce ya sa hannu. Ta ce a ina? Na ce a teburina, ranar da ya zo karɓar katin ganin likita, kamar kowa.

Ta ce, "Wato fom a gabansa, kati a hannunka."

Na ce ba haka ba ne, tsari ne don rage layi.

Ta ce ranar da za a yi mata aikin haihuwar auta, da takardar sayar da ni suka miƙo mata da ta sa hannu, ta kuma tambaye su ko akwai wata. "Kai fa, baban yara, ko takalman gidan nan bisa tsawo kake jera su, amma wannan ka kasa gani."

Na yi fushi. Na tashi na wanke kwanona da kaina don ta san na yi fushi. Ba ta ma lura ba.

Alhamis, 19 ga Yuni

Yau na sa wa kaina ido. Wata sabuwar marar lafiya ta zo, da mayafi har goshi. Na tura mata fom, na ce sa hannu nan. Katin yana ƙarƙashin tafin hannuna na hagu, a danne. Ban san ina danne shi ba sai yau. Ita kuwa ko kallon fom ɗin ba ta yi ba, idonta na kan hannuna. Tana sa hannu na ɗaga.

Ni na ƙirƙiro wannan tsarin shekara uku da suka wuce. Da ana ba da fom ɗin daban, rabin mutane ba sa dawo da shi. Na haɗa shi da kati, Darakta ta yabe ni a gaban kowa. Arba'in da ɗaya cikin arba'in da uku. Mutanen da aka saba ce musu su sa hannu kafin a ba su ruwa. Tir.

Juma'a, 20 ga Yuni

'Yar Baba Tela ta zo karɓar masa man shafawa. Ɗalibar koyon jinya ce, mai fara'a. Ta ce, "Kawu, wai katin shaida za ku yi wa Baba? Ya ce an ɗauke shi hoto ranar Litinin, ya sa na goge masa sabuwar riga." Na ce e, wani abu mai kama da haka.

Cikin hira ta ce tun da injin ya ja masa hannu a wajen aikin da ya tafi ba ya son hoto. Injin. Wajen aiki. Lokacin tana da shekara tara. Abin da aka faɗa mata ke nan, ita da ƙannenta.

Fosta ɗari biyu za a liƙa, har da bangon makarantarsu, yana cikin jerin da na rubuta.

Litinin, 23 ga Yuni

Na shiga wajen Darakta da maganata a rubuce, layi huɗu, don kar in rikice. Na kai layi na biyu ta ce, "Akawu, ya sa hannu ko bai sa ba?" Na ce ya sa, ranki ya daɗe, amma. Ta ce babu amma, saura kwana uku, manyan baƙi sun amsa gayyata, kuma in ba a nuna wa duniya ba ta yaya za a daina? Wannan na ƙarshen gaskiya ne, shi ya ɗaure ni. Na ce to. Na naɗe takardata na fito.

Shekara arba'in da biyu, to kawai na iya.

Talata, 24 ga Yuni

Da hutun rana na je shagonsa. Ɗan ƙarami ne, keke biyu, teburin yanka, dutsen guga. Yana yanka yadi da hannun hagu.

Na ce masa fom ɗin nan ba shi da alaƙa da ganin likita, ko ya ƙi ba abin da zai canza. Ya yi murmushi irin wanda ake yi wa yaro. Bai yarda ba, kuma da gaskiyarsa. Sai na ciro sabon kati, na zauna a bakin teburin na cike masa duk Alhamis ɗin da ke nan zuwa ƙarshen shekara, ɗaya bayan ɗaya, na sa hannu na buga hatimi. Na miƙa masa. Na ce Baba, sa a aljihu tukuna. Ya sa. Na ce to yanzu, kana so ko ba ka so?

Ya ajiye almakashi. Ya ce, "Ba na so, Malam." A hankali ƙwarai. Ya ce wata rana zai faɗa wa yaran, amma shi zai faɗa, a ɗakinsa, ba bango ba.

Da zan fita ya kalli ƙafata ya ce wane mugun ne ya yi mini kalmasar wandon nan, ɗaya ta fi ɗaya. Na ce ni na yi. Ya ce ya gani.

Laraba, 25 ga Yuni

Ƙarfe takwas ina maɗaba'a. Ba su fara bugawa ba. Na ce a dakata, na karɓe samfurin. Bayan na yi na faɗa wa Darakta, ba kafin ba, don na san kaina. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce mu gama da gobe tukuna.

Alhamis, 26 ga Yuni

Babban baƙo ya makara da awa ɗaya da rabi, ya zo ya kira ranar da sunan wata ranar daban. A gurbin minti ukun Darakta ta ce a yi shiru don girmama waɗanda ba su iya magana ba. Aka yi shiru, wayar wani tana ta kuka. Daga baya baƙi suka yi ta yaba mata hikima, tana karɓa. Mai hoto ya ɗauki hoton kujerar da ba kowa, wai ta fi ma'ana.

Na fita ƙirga ruwan sha, sai ga Baba Tela a kan benci, ƙofar ɗakin gashi a kulle. An rufe ganin marasa lafiya yau saboda taro, ni kuma na cike masa har da yau a katin. Ni mai tsari. Ya nuna mini katin.

Na koma zaure, na bi ta gaban layin farko ana tsakiyar jawabi, na sunkuya na faɗa wa likitar gashi. Ta ce alhamdulillahi, dama ƙafarta ta yi tsami. Ta ɗauki makulli ta biyo ni. Darakta na kallonmu har ƙofa.

Litinin, 30 ga Yuni

Takardar neman bayani ta iso daga Darakta, kwana bakwai aka ba ni. Na fara amsa sau biyu na yaga. Wataƙila na yi kuskure. Wataƙila da an ga hannayen nan wani ya ji kunya a wani wuri. Ban sani ba.

Sababbi biyar yau. Na ba kowa katinsa tun yana zama. Fom ɗin na mayar da su kan shiryayye a bayana, teburin ya cika da tarkace ne kawai. Sai da za su tashi na ambata, na ce ba dole. Ɗaya ya karɓa zai karanta a gida. Huɗu suka ce a'a, wata har da kallona cikin ido.

Rajistar amincewa ba ta da gurbin "a'a". Na ja sabon layi.