Gonar Baba a Cikin Turaku

Litinin, 6 ga Mayu
Masu awo sun zo da farar mota. Sun kafa turaku masu jan fenti tun daga bakin titin Bungudu har bayan gonarmu. Wai nan za a gina sabon birnin gwamnati, ofisoshi duk su taso daga Gusau. Kuɗin kuma rance ne daga wani banki na ƙasar waje. Na ce wa Kaka Hanatu, "Amarya, shirya, gidan bene zan kai ki." Ta ce mijin da ko akuya bai da ita, benensa a baki yake. Ta jefe ni da ludayi.

Alhamis, 16 ga Mayu
Mai unguwa ya tara mu. Duk wanda gonarsa ta faɗa cikin turaku kada ya yi shuka bana. Katafila za ta shigo kafin girbi, kuma abin da aka shuka bayan awo ba a biyan diyyarsa. Diyya sai rance ya sauka. Baba ya tashi ya nufi gida. Ni kam daɗi na ji, bana ba duƙe. A teburin mai shayi na raba muƙamai: abokina Mannir ministan kwata, ni ministan hutu. An yi dariya har wani ya shaƙe da burodi.

Juma'a, 7 ga Yuni
Ruwa ya sauka, mai kyau. Baba ya tafi bakin gona, ya tsaya hannu a baya, ya dawo. Sungumi na nan jingine a zaure.

Talata, 25 ga Yuni
Na laɓe bayan zaure na toshe hanci, na yi muryar mai karanta labarai: "An sako kuɗin rancen sabon birni, gobe za a fara biyan manoma." Na zaci Kaka ce za ta fito mu yi dariya. Baba ne ya fito, takalmi ɗaya a ƙafa, yana ta alhamdu lillahi. Ya gan ni. Ya ce, "Sabiru, kai ne?" Shi ke nan. Da ma ya mare ni.

Asabar, 20 ga Yuli
Dauda, direban masu awo, ya tsaya shan shayi. Na ce, "Oga, ina katafilarmu, ko ta yi faci?" Bai yi dariya ba. Ya ce banki bai sa hannu ba, wai sai an sasanta wani tsohon rance tukun. Su ma zaune suke.
Baba ya je wajen mai unguwa, ko wake ne a bari ya jefa, tunda lokacin gero ya wuce. Mai unguwa ya ce, "Malam Usman, in ka taɓa ƙasar nan suka ce ka ƙi umarni, mi zan ce musu? Ka rasa gona ka rasa diyya?" Baba ya dawo da iri cikin aljihu.

Lahadi, 18 ga Agusta
Ciyawa ta shanye turakun. Awakin mutane ke kiwo a filin ofishin gwamna. Na so in faɗa wa Mannir wannan, sai na tuna rumbunsu ma ya kai ƙasa.

Laraba, 4 ga Satumba
Kaka ta sauko da zangarniyar geron da ta rataye a rufin ɗaki, irin da ake ajewa don shuka. Ta sussuke, ta daka. Na ce, "Amarya, tuwon nan ya yi gardi." Ba ta ɗago ba. Baba ya ce ba ya jin yunwa. Ni na ci. Har na suɗe kwano, Allah ya gani.

Juma'a, 13 ga Satumba
Rediyo ta ce ana ci gaba da tattaunawa da banki.

Alhamis, 26 ga Satumba
Ina garin Kucheri wajen Kawu Attahiru, ƙodagon yankan gero. Da dami ake biya. Hannuna duk ya faffashe, bayana kamar ba nawa ba. Yaran nan sun ji labarina, suna ta cewa in yi musu muryar rediyo. Na ce maƙogwaro ke ciwo.
Cikin damin da aka ba ni na zaɓi zangarniya masu kauri, masu cikar ido, na ɗaure su daban da igiya. Ba wai noma ya shiga raina ba, kawai dai sun yi kyau. Kawu ya gani ya ce, "Wanga na iri ne, ina za ka shuka shi?"
Na ce ban sani ba. Ban kwance su ba dai.