Minti Biyar Don Lemuel

Washington, 9 ga Satumba

Zuwa ga matata Odessa,

Shekara goma sha tara ke nan da aka miƙo mana gawar ɗanmu Lemuel, har yau ba wanda ya ce mana ko sannu. Ki gafarce ni, da wannan na fara tun ban gaishe ki ba. Ina fatan kina lafiya. Yaya ƙafar? Ambaliyar ta janye daga bayan coci? Ki gaishe min da Fasto da ƙanwarki Verna.

Na iso lafiya. Kin ce kada in zo, amma jibi kwamitin Majalisar Dattawa zai gama tantance Coy Kessinger, kuma an sa sunana cikin shaidu. Ɗalibin da na koya wa shari'a da bakina, wanda yana lauyan gwamnati a gundumarmu ya rubuta cewa Lemuel faɗowa ya yi daga gado a ɗakin tsarewa, shi za a ɗora a Kotun Ƙoli. Gadon da ke karya haƙarƙari takwas, ya goce muƙamuƙi, ya bar sawun takalmi a wuya! Rahoton likita na farko, wanda Kessinger ya ɓoye, yana aljihuna. Matar likitan ta ba ni bayan rasuwarsa.

Minti biyar za a ba ni. Fitila ce a gaban shaida, tana komawa ja sai a kashe maka lasifika. Ni da na yi shekara ashirin ina magana awa biyu a aji, kafin baƙin ciki da kwalbar giya su mai da ni mai gyaran injin yankan ciyawa.

An ce Shugaban Ƙasa kansa ba son Kessinger yake ba. Yana neman ƙuri'un mutanen Kessinger don a gina mana madatsar ruwa, waɗanda suka zaɓe shi kuma suna ƙofarsa suna ihu ya janye sunan. Jira yake ya ga ɓangaren da ya fi nauyi. Sau biyu na zaɓe shi, Dessa. Ashe sikeli na zaɓa.

Ƙuri'a ɗaya ce ke lilo a kwamitin, ta Sanata Voss. Na gan ta yau. Ta ce, "Farfesa, kada ka kawo min hawaye, ina da nawa. Karanta takardar nan a gaban kowa ta shiga kundi, ni kuma in san abin da zan gaya wa Shugaba."

Zan karanta. Ki sa ni a addu'a.

Mijinki,
Wendell


Washington, 12 ga Satumba

Dessa,

Gaisuwa mai yawa. Ina fatan kin sha maganinki kafin ki kunna talabijin. Daga ɗakin tsarewa nake rubuto miki, kuma gara ki ji daga gare ni.

Saura rabin awa a kira mu, muna zaune a baranda, sai ga shi tafe da matarsa da 'ya'yansa maza biyu, 'yan jarida na biye. Al'ada ce wanda ake tantancewa ya bi shaidu yana ba su hannu don a ɗauki hoto. Babban ɗan nasa ya yi gemu, yana riƙe da jariri. Da Lemuel yana nan da ya girme shi.

Ya kama hannuna da hannu biyu. Ya ce da ƙarfi, "Farfesa Arceneaux! Malamina ke nan, sau biyu ya kayar da ni a jarrabawa!" Aka yi dariya. Sannan ya sunkuyo kunnena, murmushin na nan a fuskarsa, ya ce, "Tsoho, kai ka koya mana: abin da ba ya cikin fayil bai faru ba. Je ka sha wani abu, hannunka na rawa."

Ban san lokacin da na ɗaga sandata ba. Kanta na ƙarfe ya same shi a baki, na ji haƙora sun fashe. Ya faɗi, na bi shi. Na biyu a kunne, na uku a hannun da ya kare fuska da shi. Jini ya fantsama har kan mayafin jaririn. Matarsa na kururuwa, ni ina ƙirga haƙarƙarin Lemuel da ƙarfi, na kai huɗu kafin masu gadi su danne ni. Kafaɗata ta goce, haƙorina ɗaya ya tafi.

Ba zan yi miki ƙarya ba. Daɗin da na ji a daƙiƙun nan ban ji irinsa ba tun ranar jana'iza. Sai da suka ɗaga ni na ga Sanata Voss a bakin ƙofa, hannunta a kan baki.

Kada ki zo. Ki kulle shagon.

Naki,
Wendell


Washington, 6 ga Oktoba

Odessa matata,

Ina gaishe ki, ina tambayar lafiyarki. Verna ta rubuto cewa ba kya cin abinci, kuma ba ki buɗe wasiƙata ta baya ba sai da Fasto ya sa baki. Ban ga laifinki ba.

Kwana shida bayan abin, Kessinger ya koma gaban kwamiti da muƙamuƙinsa ɗaure da wayar ƙarfe, ya ce ya yafe wa malaminsa. Suka miƙe suna tafi. An soke sunana daga shaidu. Lauyan da aka ba ni ya kai rahoton likitan gidajen jarida uku, suka ce takardar mahaukaci ce. Shugaba ya ziyarci Kessinger, ya kira shi jarumi, mutanen Kessinger kuma suka amince da madatsar. Ruwa ba zai ƙara shiga cocinku ba.

Sanata Voss ta aiko min layi ɗaya: "Minti biyar kawai na roƙe ka, Farfesa."

Shari'ata a watan Janairu ce. An ce shekara shida zuwa takwas, ni kuwa saba'in da ɗaya gare ni. Ki je kabarin Lemuel ranar Lahadi ki share ganyen, ba sai kin gaya masa komai ba. Allah ya ba ki haƙurin zama da abin da na yi.

Jiya aka rantsar da Kessinger, kujerar tasa ce har ya mutu. Kundin zaman ya fito, shafi dubu biyu da ɗari ɗaya. Sunan ɗanmu ba ya ciki.

Mijinki,
Wendell Arceneaux